Wasiƙa Zuwa ga 'Yata Game da Rubutacciyar Waƙa

Daura, Jihar Katsina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya ke 'yata, mahaifiyarki ta shaida mini cewa kina son ajiye darasin rubutacciyar waƙa, wai don ba mai sonta a yanzu, kuma ba ta kawo na cefane.

Ba na musun cewa mutane da yawa suna gudunta, amma a ganina laifin na yadda ake koyar da ita ne. Ana miƙa wa yaro baitoci a takarda, a ce ya fito da jigo da salo, ya ƙirga gaɓoɓi ya gano kari, ya nuna amsa-amo, alhali ko sau ɗaya ba a taɓa rera masa su ba, sannan a yi masa jarrabawa a kai. Ga kalmomin Larabci da suka cika tsofaffin waƙoƙin, waɗanda aka fara rubutawa da ajami domin mutanen da suka tashi a zauren malamai. Ga kuma masu haɗa marubuci da maroƙi, musamman yanzu da 'yan siyasa ke sayen baiti da kuɗi, abin da ni ma ba ya burge ni.

To, amma ki lura da waɗannan mutanen da kansu. Wanda ya ce ba ruwansa da waƙa, shi ne za ki gani a watan Maulidi yana bin Ishiriniya da ka, yana kaɗa kai, ba ya tsallake ɗango. A nan Daura aka binne Mamman Shata a 1999, kuma har gobe muryarsa na tashi a tasha da shagunan tela. Na san tasa ta baka ce, amma kunne ɗaya ne ke karɓar duka biyun. Magabata sun san haka sarai. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da matan ƙauye: jajoji, wato matan da ta horar su zama malamai, su haddace, su koma garuruwansu su rera wa 'yan taru, wato matan da ke taruwa domin neman ilimi, mace tana daka tana koyon addininta. Sa'adu Zungur ma da baitoci ya faɗa wa sarakunan Arewa gaskiyar da da wuya a tsaya a fada a faɗe ta da baki.

Saboda haka ban yarda ki ajiye darasin ba kafin zangon nan ya ƙare. Ki zaɓi waƙa ɗaya, ki nemi mai rera ta ko da a waya ne, ki saurara har karin ya zauna miki, sannan ki koma kan tambayoyin malaminku. Idan kin zo hutu, ki taho da littafin, domin kakarki tana riƙe da waƙoƙin wa'azi da dama, kuma ya kamata a rubuta su daga bakinta.

Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.