Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan 'Yan Matan Da Ciwon Mara Ke Hana Su Zuwa Makaranta

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Hakimi.

Mu ne iyaye mata na gundumarka da 'ya'yanmu ke ƙaramar sakandare. Kuka muka kawo kan abin da kunya ta daɗe tana hana mu faɗa a gaban manya, wato ciwon mara lokacin al'ada.

Ranka ya daɗe, yawancin yaran suna zuwa aji lafiya lau. Amma akwai wadda in lokacinta ya zo sai ta kwana tana murƙususu a tabarma, tana amai, uwa na gasa mata mara da ruwan zafi har asuba. Kwana biyu ba ta iya miƙewa. Ran da ta koma, an riga an rubuta mata fashi a rajista, in an yi gwaji an ba ta sifili, ga malami namiji ya tsayar da ita gaban aji ta faɗi dalili. Wace 'yar shekara 13 ce za ta buɗe baki? Sai dai ta sunkuyar da kai, ta miƙa hannu a yi mata bulala.

Wannan ba raki ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 10 da ke shekarun haihuwa na fama da endometiriyosis, cutar da irin naman cikin mahaifa ke tsirowa a wajenta, mai jawo ciwon mara mai tsanani, kuma tana iya farawa tun daga al'adar fari.

Addininmu ya ɗauke wa mai haila sallah, azumi kuwa ya ce ta rama daga baya. Irin wannan rangwamen muke roƙo. Muna roƙon Hakimi ya zauna da Sakataren Ilimi da shugabannin makarantu, a amince a rubuce cewa wannan fashi uzuri ne, ba hukunci a kansa, kuma a ba yarinya rana ta rama gwajin da ya wuce ta. A ware malama mace guda a kowace makaranta wadda za a gaya wa a keɓe. A karɓi shaidar uwa, kada a ce sai an kawo takardar asibiti duk wata, domin kuɗin kati da na mota sun fi ƙarfin da yawanmu. Wadda ciwonta ke tsananta, malamar ta shawarci iyaye su kai ta asibiti.

Duk ran da Hakimi ya kira mu, za mu zo mu yi bayani da bakinmu.

Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya da nisan kwana.

Iyaye mata na gundumarka