Rahoton Ayyukan Shekarar 2025

Assalamu alaikum Baristoci, iyayenmu da yayyenmu na Jidda, Makka, Madina da Riyad.

Taron wata-wata na ƙungiyarmu ta lauyoyin Najeriya mazauna Saudiyya an yi shi yadda aka saba, sai na Ramadan da na lokacin Hajji da aka ɗage.

Abin da ya fi cin ƙarfinmu bana maganar maki ce, wato makin da lauya ke samu idan ya halarci bita ko lacca ta ƙarin ilimi. Kowa ya san doka ta 11 cikin ƙa'idojin aikin lauya na Najeriya ta wajabta ci gaba da neman ilimi, kuma NBA, wato Ƙungiyar Lauyoyin Najeriya, a 2025 ta ce maki 5 duk shekara, ga kuɗin lasisi da ake biya kafin 31 ga Maris. Wasunmu na cewa ai mu mustashar ne, wato masu ba da shawarar shari'a, a kamfanoni, ba ma tsayawa gaban alƙali a nan, me ya dame mu. Toh iƙama, takardar izinin zama a Saudiyya, dai ba ta dawwama, ranar da kwantiragi ya ƙare ka koma Kano ko Kaduna wannan lasisin da ka yi wa riƙon sakainar kashi shi za ka nema.

Alhamdulillah bitar da muka yi a istiraha, wato gidan shaƙatawa, a Jidda ta wanke mana zuciya. Malaminmu da ya zo Umara daga gida ya ba mu yini guda kyauta, ya ɗauko dokar mu'amalat ta Saudiyya wadda ta fara aiki a Disambar 2023, ya nuna yadda abin da alƙalai suke cirowa daga littattafan Hanbaliyya ya koma sashe-sashe a rubuce, sannan ya riƙa gwada ta da Malikiyyar kotunanmu na Arewa, aka shiga ƙa'idojin fiƙihun da aka jera a ƙarshen dokar har aka kira Magariba mutane ba su so tashi ba. Hajiyarmu ta Makka ta koya wa ƙananan lauyoyi yadda ake bin ƙara a Najiz, shafin intanet na ma'aikatar shari'a ta Saudiyya, 'yan Madina suka yi hayar mota tun asuba, mandin da aka ci ma, wato shinkafa da nama, wani Alhaji ne ya ɗauki nauyinsa, Allah ya saka masa da alheri.

Masu tambaya a guruf wai me ya sa bitar ba ta ba su maki ba, ga amsa. Maki ba ya samuwa sai cibiyar ICLE ta NBA, mai kula da ƙarin ilimin lauyoyi, ta amince da shirin, neman amincewar kuma da kuɗi ake yi, asusu kuwa wallahi ko rabin mambobi ba su biya kuɗin shekara ba. Ma'aji ya yi ta kira har kunya ta fara kama shi, wani ya karanta saƙo ya yi shiru, wani ya ce sai albashi ya shigo, watanni nawa ke nan. Ba sakaci muka yi ba, takardun suna nan a shirye.

Haka shirin kallon laccocin intanet tare ya tsaya, don muna gaban Najeriya da awa 2, yawanci ana farawa muna wajen aiki ko kan hanya, kuma ranar da muka kama ɗaki waɗanda suka fi kowa surutu a guruf ba su leƙo ba.

Dan Allah mai bashi ya tura wa ma'aji kafin taron Janairu, wanda ya samu makinsa kuma ya turo min hoton satifiket in sa a fayil.

Sakatare