In Ana Maganar Jini A Wurin Aiki, Wa Ke Tuna Masu Shara Da Wanzamai?

Assalamu alaikum Edita, ina gaisuwa da fatan alheri. Dan Allah a ɗan bani fili.

Yayata ce ta sa nake wannan rubutun. Aikin shara take a wani asibiti anan cikin Katsina, irin ma'aikatan nan na wucin gadi. Kwanakin baya tana ɗaure ledar shara a ɗakin haihuwa sai allura ta soke ta a babban yatsa, wani ne ya gama amfani da ita ya cilla a leda maimakon ɗan kwalin da aka ajiye don haka. Ta matse jinin ta tsotse yatsan ta ci gaba da mofin ɗinta, sai bayan kwana biyar take bamu labari a tsakar gida tana dariya. Ni kam ban yi dariya ba wallahi, don maganin kariyar ƙanjamau da ake ba wanda allura ta soka cikin awa 72 ake fara shi, a sha kwana 28, ita kuma shekararta shida tana aikin nan ba wanda ya taɓa gaya mata haka. Allah dai ya rufa asiri, duk gwajin da aka yi mata daga baya lafiya lau.

Kullum in an tashi bita kan haɗarin taɓa jini a wurin aiki likita da nas ake kira. Su ma suna cikin haɗari ban ce a'a ba, amma wa yake wanke zanin gadon da ya jiƙe da jini? Ga ungozoma da ke karɓar haihuwa hannu tsirara, ga masu wankan gawa, ga ɗan acaɓa da mai Napep da su ke fara ciccibar mutane in an yi hatsari a hanyar Daura kafin 'yan rod sefti su iso, har yaran nan 'yan jari bola masu tonon juji.

Wanda ya fi tsaya min a rai wanzami ne. Na unguwarmu dattijon kirki ne, shi ya yi mana kaciya tun muna yara. Ran nan na zauna ina kallo yana yiwa wani ƙaho a baya, ya tsattsaga da aska ya kafa ƙahon ya zuƙa da bakinshi, can ya cire ya juye gudan jinin a ƙasa ya tura yashi da ƙafa, ya goge askar da tsumma ya mayar zabira. Nace Baba safar hannu fa? Yace yaro tun kakanni haka muka gada, mu a dafe muke. To me zan ce mashi.

Mutanenmu ƙanjamau kawai suke tsoro, alhali ciwon hanta, wato hepatitis B, ya fi saurin kama mutum nesa ba kusa ba. In allura mai jinin mai ƙanjamau ta soki mutum 1000 kusan 3 ne ke kamuwa, na ciwon hanta kuwa yana iya kaiwa 30 cikin 100, kuma ƙwayar ciwon hantar tana rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana 7, kaga goge aska da tsumma aikin banza ne. Abin haushin akwai rigakafi, allura uku ce cikin wata shida. Sai a 2004 aka sa ta cikin alluran yara a Najeriya, kenan Baba wanzami da yayata da duk sa'anninsu babu wanda ta riska.

Roƙona ga ma'aikatar lafiya ta jiha, a yiwa masu shara da wanki na asibitoci gwaji da rigakafin nan kyauta, a basu safar hannu mai kauri ba 'yar ledar da ke yagewa ba. Wanzamai kuma a bi ta hannun Sarkin Aska da masu unguwanni, maganarsu suke ji ba ta ɗan boko irina ba.

Yayata dai mun haɗa mata kuɗi an yi mata allurar rigakafin ta farko, wata mai zuwa za ta koma ta biyu.

Naku mai karatu kullum,
daga Ƙofar Marusa, Katsina.