A Rage Haddar Tsoffin Tambayoyi, A Koma Kan Kundin Tsarin Mulki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci a kan yadda matasanmu ke shirin jarrabawar shiga aikin gwamnati, da yadda waɗanda suka riga suka shiga ke shirin ta tabbatarwa da ta ƙarin girma, musamman ɓangaren da ya shafi siyasa da tafiyar da mulki. Na yi aikin gwamnati har na ajiye, kuma har yanzu 'ya'yan maƙwabta da na 'yan uwa sukan zo in duba musu abin da suke karantawa. Abin da nake gani a hannunsu ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Kusan kowa da irin ƙasidar nan yake zuwa, wadda ake sayarwa a bakin sakatariya ko a shagunan buga takardu, an yi ta kwafarta har rubutun ya dusashe, babu sunan wanda ya haɗa ta, babu shekarar da aka buga ta, sai tambayoyi jere da amsoshin da wani ya riga ya zagaye da biro. Wasu kuma a waya suke karɓar irinta ta WhatsApp. Yaro zai zauna ya haddace cewa Najeriya na da jihohi 36, ƙananan hukumomi 774, sanatoci 109, 'yan majalisar wakilai 360, kuma duk wannan daidai ne, amma da zarar an juya tambayar ko an nemi dalili, sai ya tsaya cik. Babbar illar ma ita ce wasu daga cikin amsoshin da aka zagaye masa sun daina zama gaskiya tuntuni, domin tsarin mulkin 1999 ya sha gyara.

Ga misali. A shekarar 2018 aka rage shekarun tsayawa takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da majalisun dokokin jihohi daga 30 zuwa 25, yayin da na gwamna da na sanata suka tsaya a 35. A watan Maris na 2023 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan wasu gyare-gyaren da suka fitar da harkar jiragen ƙasa da ta gidajen yari daga jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka, suka mayar da su cikin jerin da tarayya da jihohi ke tarayya a kai, suka faɗaɗa ikon jihohi a kan wutar lantarki, suka kuma wajabta wa shugaban ƙasa da gwamnoni miƙa sunayen ministoci da kwamishinoni cikin kwana 60 bayan rantsuwa. Duk wanda ke riƙe da ƙasidar da aka haɗa kafin wannan lokaci, zai zaɓi amsar da ba daidai ba da cikakken ƙwarin gwiwa, ya fito daga ɗakin jarrabawa yana murna.

Maganar ƙananan hukumomi ita ce ta fi nuna bambancin hadda da fahimta. Sashe na 7 na tsarin mulki ya tanadi cewa zaɓaɓɓun shugabanni ne za su riƙa tafiyar da ƙananan hukumomi, sashe na 162 kuma ya samar da asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, wanda ta nan ne kuɗinsu ke biyowa daga asusun tarayya. Shekara da shekaru gwamnoni na riƙe da wannan asusu, suna kuma naɗa kantomomi a maimakon gudanar da zaɓe, har sai ranar 11 ga Yulin 2024 da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma naɗin kantomomi ya saɓa wa tsarin mulki. Wanda ya karanta waɗannan sassa biyu, ya san gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da ya maye gurbin tsarin En'e da tsari bai ɗaya a faɗin ƙasa, sannan ya bi labarin hukuncin kotun, ko ta ina aka ɓullo masa zai iya amsawa. Wanda ya tsaya a kan 774 kuwa, tambaya ɗaya tak ya shirya wa.

Haka abin yake a tarihin tsarin mulki. Ana sa yara su jero tsare-tsaren mulkin zamanin Turawa, wato Clifford 1922, Richards 1946, Macpherson 1951, Lyttelton 1954 kamar masu biya karatun allo, alhali abin da ya kamata su riƙe shi ne abin da kowanne ya canza. Na 1922 ne ya fara kawo zaɓen wakilai, a Legas da Kalaba kawai. Na 1946 ya kafa majalisun yankuna uku. Na 1954 ya mayar da ƙasar tarayya, kuma daga nan ne aikin gwamnati ya rabu, kowane yanki ya samu nasa, abin da ya ba gwamnatin Sardauna damar fifita 'yan Arewa wajen ɗaukar aiki da horar da su a Cibiyar Koyon Aikin Mulki da ke Kongo a Zariya. Tsoron kada wani ɓangare ya mamaye muƙamai shi ne ya haifi ƙa'idar daidaiton rabon muƙamai da ta shiga tsarin mulkin 1979, take nan a sashe na 14 na kundin yanzu, kuma saboda ita ne sashe na 147 ya ce a ɗauko aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha. Idan aka karanta su a haka, shekarun da kansu za su zauna a ka.

Ga waɗanda ke neman ƙarin girma, akwai tarihin aikin gwamnatin kansa, wanda bai kamata a ce ma'aikaci ya kai matakin darakta bai san shi ba. Hukumar Udoji da aka kafa don sake duba tsarin aikin gwamnati ta miƙa rahotonta a 1974, kodayake yawancin mutane ƙarin albashin kawai suke tunawa. Gyaran 1988 a zamanin Janar Babangida ya mayar da manyan sakatarori manyan daraktoci masu tafiya tare da gwamnatin da ta naɗa su, ya ɗora alhakin kuɗin kowace ma'aikata a wuyan minista, har sai da kwamitin Allison Ayida a zamanin Janar Abacha ya ba da shawarar komawa tsohon tsari. A nan ne ake gane dalilin da ya sa Ƙa'idojin Aikin Gwamnati suka hana ma'aikaci tsunduma cikin siyasar jam'iyya.

Shawarata ga masu shiri ita ce kowa ya mallaki kundin tsarin mulki mai ɗauke da gyare-gyaren baya-bayan nan, ya fara da sassa na 4 da 5 da 6 da suka raba iko tsakanin majalisa da zartarwa da shari'a, ya wuce babi na biyu mai magana a kan manufofin ƙasa da na huɗu mai magana a kan haƙƙoƙin ɗan Adam, sannan ya koma kan tsoffin tambayoyin don gwada kansa, yana duba kowace amsa da sashen da ta fito. Tunda ana ta mayar da jarrabawoyin nan kan kwamfuta, wanda hannunsa bai saba ba ya nemi inda zai gwada amsa tambayoyi cikin ƙayyadadden lokaci kafin ranar.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, shi ne wannan jarida ta ware shafi a kowane mako inda wani lauya ko malamin kimiyyar siyasa zai ɗauki sashe ɗaya na tsarin mulki ya warware shi da Hausa, ya kawo lambarsa da gyaran da aka yi masa idan akwai. Da Turanci ake jarrabawar, kuma Turancin doka yana da tsauri ko ga mai digiri, amma wanda ya riga ya fahimci ma'anar sashe da harshensa ba zai sha wahalar gane shi a takardar tambaya ba. Idan aka amince, ina ba da shawarar a fara da sashe na 7 da na 162, tunda maganarsu ce ke bakin jama'a a yanzu.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon ma'aikacin gwamnati,
Kaduna.