An Gasa Cutar, Amma Bayan Gida Ya Hana Ni Sakat

Assalamu alaikum, Likita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka na wannan fili, ina roƙon a sakaya sunana da na garinmu. Shekaruna 68, tsohon hedimasta ne ni, kuma na'ibin liman a masallacin unguwarmu. Maganar da na kawo ta bayan gida ce, a gafarce ni. Na daɗe ina juya ta a raina, ko babban ɗana bai san rabinta ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Shekara biyu da rabi ke nan da fitsari ya fara yi mini gardama, in tashi sau biyar ko shida kafin asuba. Aka yi mini gwajin jinin nan na PSA, wanda hauhawarsa ke nuna alamar matsala a furostet, ya nuna 24. Aka ɗebi tsoka aka auna, aka ce kansar furostet ce, wato ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa. Da Allah ya taimaka, hoto ya nuna ba ta kai ga ƙashi ba. Aka ɗora ni a kan allurar Zoladex, mai rage sinadarin maza da ke ciyar da wannan kansar, da ake yi a fatar ciki duk wata uku, sannan aka tura ni gashi, wato ƙona cutar da hasken na'ura, a wani babban asibiti mai nisa da mu. Zama 37 na yi a ƙarƙashin na'urar, Litinin zuwa Juma'a, mako bakwai da 'yan kwanaki. Kullum sai an sa na kewaya tukuna, sannan in ɗirki ruwa in riƙe fitsari. Ba zan yi wa likitan ƙarya ba, ya faɗa mini tun farko cewa ƙarshen hanji yana manne da bayan furostet, don haka duk iya saitin da za a yi, sai wutar ta ɗan lashe shi. Na ce to, na sa hannu. Wanda aka ce masa kansa, ina ya ga natsuwar sauraren zancen hanji?

A mako na uku na gashin gudawa ta zo, da majina da raɗaɗi. Suka ce kusan kowa yana yi, zai wuce. Kuwa ya wuce, wata ɗaya da rabi bayan na dawo gida. PSA ya sauko ƙasa da 1, na yanka rago na yi sadaka, na ɗauka an rabu ke nan.

Wata tara bayan haka na fara ganin jini. Ja wur, ba baƙi ba, wani lokaci ɗigo, wani lokaci har da gudaji. Amma wallahi, Likita, jinin bai dame ni kamar matsuwar ba. Daga sanda na ji motsi a cikina zuwa sanda abin zai fito bai fi minti biyu ba. In ruga da buta, in tsuguna, abin da zai fito bai kai cikin cokali ba, sai majina. In tashi in yi tsarki, kafin in kai tabarma na sake jin kamar ban yi komai ba. Da safe kaɗai sai in kewaya sau biyar. Abin da ya fi muni, na daina bambance iska da ruwa. Sai in zaci iska ce, ashe na ɓata wando.

Ranar da ba zan manta ba, liman ya yi tafiya, ina jan sallar Magariba. A raka'a ta biyu abin ya zo. Na jawo na bayana ya ƙarasa da mutane, na kama hanci kamar mai haɓo na ratsa sahu na fita. Tun daga ranar na ce wa jama'a gwiwa ce ta matsa mini, ba na iya tsayuwa. Ni da na yi shekara talatin ina hana yara ƙarya! Sallar Juma'a sai dai in raɓe a sahun ƙarshe kusa da banɗaki, ɗaurin aure da jana'iza kuwa na daina zuwa, har an fara cewa na yi girman kai. Na tambayi wani malami a sirrance, ya ce hukuncina na mai salas ne, akwai sauƙi a sharia ga wanda abu yake zubo masa ba da ikonsa ba. Na gode masa, zuciyata ta ɗan yi sanyi, amma fatawa ba ta tsayar da jini ba.

Duk wanda ya ji ƙishin-ƙishin sai ya ce basir ne. A ƙasar nan komai basir ne. Har na biye wa wani aminina na sayi jiƙo wajen masu lasifika a kasuwa, na yi kwana uku ina zawo kamar zan mutu. Mai kemis ya ba ni Flagyl da loperamide. Na biyun yana riƙe ni in zan shiga mota, sai dai washegari ciki ya ɗaure, in yi yunƙuri, jinin ya ƙaru. Na bar yaji, goro, shayi, wake da nono, na koma daga kunu sai farar shinkafa, har rigunana sun yi mini yawa. Ga jiri, ga haki in na ɗan yi tafiya. Da aka auna, aka ce jinina ya yi ƙaranci, ma'auninsa ya sauka zuwa 29.

Da na koma asibiti, wani matashin likita ya ce mai yiwuwa tabon gashin ne: fatar cikin ta yi laushi, wasu ƙananan jijiyoyin jini sun tsiro a kanta masu saurin fashewa, kuma irin wannan yakan ɓullo bayan watanni ko ma shekaru. Ya rubuta mini takardar zura kyamara ta dubura, ya ambaci wani magani, sucralfate, da ake ɗurawa ta ƙasa, da wata hanya ta ƙona jijiyoyin da iskar argon. Layi ya yi tsawo, ban samu na yi masa tambaya ba. Takardar tana cikin aljihun jakata yau wata biyu, kunya da tsoro sun hana ni kai ta.

Shi ya sa na zo gare ka. Don Allah ka faɗa mini gaskiya, wannan jinin ba kansar ce ta dawo ta wata ƙofa ba, tunda PSA yana ƙasa? Kyamarar nan dole ce? Na ji an ce wurin da aka gasa ba ya son a yanke shi ko a tsinki tsoka, don ba ya saurin warkewa, to me zan ce wa mai yin aikin kafin ya fara? Sannan akwai ƙaramin asfirin da nake sha kullum shekara shida saboda zuciya. Jikata mai karatun aikin jinya ta ce yana ƙara zubar jini, ni kuma ina tsoron in bari da kaina in jawo wata masifar. Wa zan tunkara a kan wannan, likitan zuciya ko na gashi? Abinci kuma, ƙauracewar da na yi tana da amfani, ko yunwa kawai nake gana wa kaina? Na ji ana zancen motsa tsokar matse dubura don ta yi ƙarfi. In yana taimaka wa irina, ka koya mini yadda ake yi. Ga azumi yana matsowa, ban san ko mai zubar jini kamar ni zai iya ɗauka ba.

In za ka amsa, ka yi bayani dalla-dalla yadda uwargidana za ta fahimta, don ba ta wuce shirinka. Na san za ta gane ni tun daga layin farko, ita ce take wanke wandunan da dare ta shanya a ɗaki don kada jikoki su gani, kuma har yau ba ta taɓa ce mini uffan a kai ba.

Wassalam. Naka,
Wani dattijo mai sauraronka