Haddar kalmomi ba ta koya wa yaro Turanci

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana malamai. A jarrabawar JAMB, cikin tambayoyi 180, guda 60 na Turanci ne, kuma ba a shiga jami'a sai da kiredit ɗinsa a WAEC ko NECO. Amma me muke yi? Mu cika allo da manyan kalmomi da kishiyoyinsu, yara su kwafa su haddace, bayan hutu duk ya bi ruwa.

Kalma ba ta zama a ka sai yaro ya yi ta cin karo da ita cikin jimla. Tsohuwar jaridar da ke ƙarewa wajen mai tsire, a kawo ta aji mana. Yaro ya karanta labarin ƙwallo, tunda nan hankalinsa yake, ya ja layi ƙarƙashin kalma biyar, ya cinki ma'anarsu kafin ya buɗe ƙamus, gobe ya gina jimla da kowacce a gaban abokansa. Ko ya yi kuskure, a gyara masa ba tare da dariya ba.

Ku ma masu wannan jarida, don Allah ku ware wa 'yan makaranta shafi guda duk mako na gajerun labarai cikin Turanci mai sauƙi.

Naku,
Wani malamin sakandare, Zariya