Inda shari'ar laifi take maƙalewa: tsakanin caji ofis da babbar kotu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarmu domin in yi wa masu karatu bayanin hanyar da ake bi da mutum tun daga ranar da aka kama shi har ranar da alƙali zai yanke hukunci, da kuma wurin da maganar take yawan kwanciya. Alƙaluman Hukumar Gidajen Gyaran Hali sun daɗe suna nuna cewa wajen biyu bisa uku na mutanen da ke tsare a Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, zaman jiran shari'a suke yi. Da yawansu ba wuyar shari'arsu ce ta zaunar da su ba. Fayil ne ya tsaya a kan wani tebur, shi ma mai fayil ɗin ya tsaya.

Abin da ake nema da shari'ar laifi a bayyane yake: a hukunta wanda ya yi, a share wa wanda aka zalunta hawaye, a sallami wanda bai yi ba, wanda aka ɗaure kuma ya fito ya fi yadda ya shiga. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa, kuma nauyin tabbatarwar yana kan mai gabatar da ƙara. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A wasiƙar da Sayyidina Umar ya rubuta wa Abu Musal Ash'ari kan alƙalanci, ya ce kawo hujja yana kan mai da'awa, kuma a yanka masa wa'adi: in ya kawo a ba shi haƙƙinsa, in ya kasa a yanke hukunci a kansa. Wa'adin nan shi ne abin da ya fi ɓacewa a tsarinmu na yau.

A fara daga caji ofis. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. A kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tsakanin kilomita 40, idan babu, kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Yana da damar ya yi shiru har sai ya ga lauya. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duk sun hana a kama wani a madadin wani, wato babu ɗauke uba ko mata don an rasa ɗa ko miji. Sun kuma hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. A nan ne ake yin dabara: mai bin bashi ya je ya ce an yi masa zamba ko an ci amanarsa, maganar kuɗin buhun masara ta rikiɗe ta zama laifi. Beli a hannun 'yan sanda kyauta ne, kuma mace tana iya tsaya wa mutum, doka ta faɗi haka ƙarara, ko da yake har yanzu akan ce wa mata su je su zo da namiji.

Abu mafi haɗari a wannan matakin shi ne takardar bayani. Mutumin da ba ya karanta Turanci ya yi magana da Hausa, wani ya rubuta da Turanci, a ce ya dangwala. Idan aka zo kotu sai a tarar an rubuta ya amsa laifi. Doka ta ba da dama a ɗauki bayanin a gaban lauyansa ko jami'in Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi, a kuma naɗi ikirari a bidiyo, a samo tafinta ya sa hannu. Ikirarin da aka samu ta hanyar duka ba ya karɓuwa a ƙarƙashin Dokar Shaida ta 2011, kuma Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga wanda ya azabtar. Amma kafin a jefar da irin wannan takardar sai lauya ya yi suka a daidai lokacin da aka miƙa ta, sannan a buɗe wata 'yar shari'a a cikin shari'ar don a gano yadda aka same ta. Wannan kaɗai yakan ci watanni.

A Arewa, ƙananan laifuka kamar sata, faɗa da zamba ana kai su kotun majistare ko kotun shari'ar Musulunci da takardar rahoton farko ta 'yan sanda. A karanta wa mutum, ya amsa ko ya musa, a yi maganar beli, a sa ranar shaidu. Wannan hanyar, duk da jan ƙafarta, tana tafiya. Abin da yake kawo cikas shi ne sharuɗɗan beli. Idan aka ce wa ɗan dako ya kawo ma'aikacin gwamnati mai mataki na 14 da takardar mallakar fili a cikin birni, an ba shi beli a baki, an hana shi a aikace. Doka ta ce kada sharuɗɗa su wuce kima, kuma ana iya komawa kotun a nemi sassauci, ko a tafi babbar kotu. Mutane da yawa ba su san da wannan ƙofar ba.

Babban ramin yana wajen manyan laifuka: kisan kai, fashi da makami, garkuwa da mutane da makamantansu. Majistare ba shi da hurumin sauraron waɗannan, sai babbar kotu. To amma 'yan sanda ba za su iya ajiye mutum a sel har abada ba, don haka sai su kai shi gaban majistare don kawai ya ba da umarnin a tsare shi a gidan yari. Ba a tambayarsa ya amsa ko ya musa. Daga nan ya kamata ɗan sanda mai bincike ya yi kwafin kundin binciken, a aika wa Ma'aikatar Shari'a, lauyoyin ofishin Daraktan Gabatar da Ƙararraki su karanta su ba da shawara: ko akwai hujjar da za a gurfanar da shi, ko babu a sake shi, ko laifin bai kai yadda aka rubuta ba a mayar wa majistare. Idan akwai hujja, su shirya takardar tuhuma da jerin shaidu, su shigar a babbar kotu, Babban Joji ya ba wani alƙali.

Duba yawan hannuwan da fayil ɗin zai bi. Kowane ɗaya yana iya riƙe shi. Ba a yi kwafi ba saboda babu kuɗin hoto. An yi wa mai binciken canjin wurin aiki zuwa wata jiha, kundin yana cikin durowarsa. An ɗauke maganar daga caji ofis zuwa sashen binciken manyan laifuka na jiha, lambar fayil ta canza. Rahoton likita bai fito ba. An aika ma'aikatar amma babu wanda ya sa hannu ya karɓa. Mafi ciwo, shawarar ta fito tun tuni cewa babu hujja, amma takardar ba ta isa kotu ba, mutumin yana can yana ƙirga damuna. Duk ranar zama majistare ya tambaya, mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce ana jiran shawara, a ɗage. Wani lokacin ma ba a kawo wanda ake tsare da shi, don motar gidan yari ba ta da mai.

Dokar 2015 ta ɗaure wannan da wa'adi. Umarnin tsarewa na farko ba ya wuce kwana 14. Idan aka nemi ƙari a rubuce da dalili mai ƙarfi, a ƙara kwana 14. Idan sun ƙare ba a shigar da tuhuma ba, kotu ta aika wa Kwamishinan 'Yan Sanda da Antoni Janar, wato shugaban Ma'aikatar Shari'a, su zo cikin kwana 14 su faɗi dalilin da zai hana a saki mutumin. In sun gamsar da ita, ta ba da kwana 14 na ƙarshe. In ba su gamsar ba, ta sallame shi, kuma ba a sake neman tsare shi ta wannan hanyar. Jimla kwana 56. Shi ma Antoni Janar kwana 14 aka ba shi ya fitar da shawara daga ranar da fayil ya iso. Dokar ta tarayya tana aiki ne a Abuja da kotunan tarayya, amma jihohi sun yi nasu a kan tsarinta, Kaduna a 2017, Kano a 2019, da ɗan bambanci a yawan kwanaki. A ganina babu buƙatar wata sabuwar doka a nan. Majistaren da zai riƙe kalanda ya yi aiki da ikon da yake hannunsa ya isa ya rage rabin matsalar. Abin da yake hana wasu shi ne tsoron a ce sun saki ɗan fashi.

Sai a lura, a laifin da hukuncinsa kisa ne, alƙalin babbar kotu kaɗai ke ba da beli, shi ma sai da dalili na musamman. A dokar tarayya dalilan sun haɗa da rashin lafiya mai tsanani da likitan asibitin gwamnati ya tabbatar, da jinkirin bincike ko gurfanarwa da ya wuce shekara ɗaya. Shi ya sa kalmar da aka rubuta a takardar farko take da nauyi. Ƙwacen waya idan aka rubuta shi fashi da makami, ya fita daga hannun majistare ke nan.

Ko an isa babbar kotu, da sauran aiki. Doka ta ce a riƙa zama kullum, in bai yiwu ba kada kowane ɓangare ya wuce ɗage zama sau biyar, kuma kada tazarar ta wuce ranakun aiki 14. Amma shaidu sun riga sun watse. Wanda aka yi wa laifin ya gaji da biyan kuɗin mota ya ce ya bar wa Allah. Idan alƙali ya yi ritaya ko aka ɗaga shi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, a koma farko. Dokar 2015 ta so ta ba alƙalin da aka ɗaga dama ya dawo ya ƙarasa, amma a watan Mayun 2020 Kotun Ƙoli ta ce hakan ya saɓa wa Kundin Tsarin Mulki, a hukuncin da ya rushe ɗaurin shekara 12 da aka yi wa tsohon gwamnan Abiya, Orji Uzor Kalu. Wannan ne ya sa nake cewa jinkiri mai laifin gaske yake yi wa amfani, don shi ne shari'arsa take mutuwa saboda rashin shaida. Wanda aka kashe wa ɗa bai samu komai ba, wanda aka kamo bisa kuskure kuma shekarunsa sun tafi.

Wajen hukunci ma ba ɗauri kaɗai doka ta sani ba. Kotu tana iya umartar a biya wanda aka cuta diyya, ta yi ɗaurin talala, ko ta sa mutum aikin al'umma a ƙaramin laifi, kuma tana lissafa zaman da ya riga ya yi yana jira. Dokar 2019 da ta sauya wa gidajen yari suna ta kafa sashe guda don hukuncin da ba na tsarewa ba. Amma har yanzu ana tura mutum ciki don ya kasa biyan tarar 'yan dubbai, gwamnati ta ciyar da shi da abin da ya ninka tarar. A Nuwamban 2023 sai da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta tara Naira miliyan 585 don fitar da mutum 4,068 da yawancinsu tara ce ta riƙe su.

Ga wanda ɗan'uwansa yake ciki, kada ya tsaya a kai abinci kawai. Ya je wurin rajistaran kotun da ta ba da umarnin tsarewa ya karɓi lambar ƙara da ranar zama ta gaba. Ya nemi sunan ɗan sanda mai bincike da ofishinsa, ya tambayi ranar da aka aika kundin Ma'aikatar Shari'a da lambar wasiƙar da ta raka shi. Da wannan lambar zai je rajistar ma'aikatar ya ji ko ya iso, da lauyan da aka ba. In shawara ta fito, ya tabbatar kwafinta ya shiga fayil ɗin kotu. Duk koken da zai yi ya yi shi a rubuce, a buga masa hatimin karɓa a kan kwafinsa. In ba shi da kuɗin lauya, Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi, wadda aka kafa tun 1976, tana da ofis a jihohi kuma aikinta kyauta ne. Lauya zai iya neman beli a babbar kotu ko ya shigar da ƙarar tauye haƙƙi, wadda take iya kaiwa ga diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Idan mutum ya zauna fiye da iyakar ɗaurin laifin da ake zarginsa da shi, a rubuta wa Babban Jojin jiha, yana da ikon sakinsa a ziyarar da yake kaiwa gidajen yari.

Roƙona ga Manyan Jojinmu shi ne su tilasta ziyarar wata-wata da doka ta ɗora wa majistarori zuwa caji ofis, su kuma hana a rubuta umarnin tsarewa babu ranar dawowa. Ma'aikatun Shari'a su buɗe rajista ɗaya da za a riƙa rubuta ranar shigar kowane fayil da ranar fitarsa, wadda lauya ko dangi za su iya dubawa. Ku kuma, Malam Edita, doka ta wajabta wa shugaban Hukumar Gidajen Gyaran Hali ya riƙa miƙa wa Babban Joji da Antoni Janar, duk kwana 90, jerin waɗanda suka haura kwana 180 suna jira. Ku tura wakilanku su tambaya ko ana miƙa shi, ku buga mana adadin jiha-jiha.

Wassalam.

Wani lauya mai zaman kansa,
Kano.